Labarin Jirgin Ƙasa A Ƙasar Ayalan

Ayalan tsibiri ne a yammacin Turai, kusa da Ingila. Teku ta kewaye shi ta ko'ina. Mutanensa sun kai kimanin miliyan 7. A yau tsibirin kashi biyu ne. Kashi mafi girma ƙasa ce mai cin gashin kanta, babban birninta Dablin. Ɗayan kashin kuma shi ne Ayalan ta Arewa, yana ƙarƙashin Birtaniya, babban birninsa Belfas.

Mutanen wannan tsibiri sun shimfiɗa layin dogo mai yawa. Daga baya suka rufe fiye da rabinsa. Yanzu kuma suna kashe kuɗi masu yawa don su dawo da wani sashe daga cikinsa. Ga yadda abin ya faru.

Mafarin Layin Dogo

Jirgin ƙasa na farko ya fara ɗaukar fasinja a Ayalan a watan Disamba na shekarar 1834. Wato shekara 77 ke nan kafin jirgi ya iso Kano a 1911. Layin gajere ne, tsawonsa kamar mil 6. Ya tashi daga Dablin zuwa Kingstown, wani gari mai tashar jiragen ruwa. Ɗan kwangilar da ya yi aikin sunansa William Dargan. Shi ɗan manomi ne, kuma daga baya ya gina layuka da dama a tsibirin.

A lokacin ba gwamnati ke gina dogo ba, kamfanoni ne na 'yan kasuwa. Kowane kamfani yana yin abin da ya ga dama. Layin Dablin faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Layin da aka buɗe a Belfas a 1839 kuwa ƙafa 6 da inci 2 ne. Wannan matsala ce babba, domin taragon wani kamfani ba zai iya hawa dogon wani ba. Sai hukuma ta sa baki. A 1846 aka yi doka cewa faɗin dogo a Ayalan ya zama ƙafa 5 da inci 3. Wannan awo ake bi har yau a manyan layukan tsibirin.

Zamanin Yunwa

Daga 1845 aka shiga wata muguwar yunwa. Talakawan Ayalan sun dogara ne ga dankalin Turawa. Sai wata cuta ta faɗa wa dankalin, yana ruɓewa a cikin ƙasa, shekara bayan shekara. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu. Wasu kamar haka suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ingila da sauran wurare.

Duk da haka aikin dogo bai tsaya ba. Dubban maza sun sami abin sakawa a baka ta hanyar leburanci a wurin aikin. Layi ya isa birnin Kok na kudu a 1849, ya isa Galwe ta yamma a 1851. Amma jirgin da ya kawo kaya shi ne kuma ya riƙa kwasar matasa zuwa bakin teku, su bar gida.

Manoma sun ci moriyar jirgi ƙwarai. Ayalan ƙasar kiwo ce. A da sai a kora shanu da ƙafa kwana da kwanaki, su rame kafin su isa kasuwa. Da jirgi ya zo, sai a loda su a tarago daga kasuwar ƙauye zuwa tashar jiragen ruwa, a sayar da su a Ingila. Haka ma man shanu da ƙwai da kifi.

Haɗarin Da Ya Kawo Doka

Ran 12 ga Yuni, 1889, wani jirgi ya tashi daga garin Armagh cike da yaran makaranta da iyayensu. Za su yawon shaƙatawa ne a bakin teku. Lodin ya yi yawa, sai kan jirgin ya kasa hawa wani tudu. Ma'aikata suka raba jirgin biyu don su fara jan kashin gaba. Suka danne ƙafafun taragun baya da duwatsu. Duwatsun ba su riƙe ba. Taragu 10 suka gangaro da baya a guje, suka yi karo da wani jirgi da ke tafe. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara ne.

A shekarar nan aka kafa doka. Dole kowane jirgin fasinja ya kasance da birki a dukkan taragunsa, wanda zai kama da kansa in tarago ya tsinke. Wannan doka ta ceci rayuka masu yawa a Ayalan da Birtaniya.

Yadda Aka Rufe Layuka

Wajen shekarar 1920 tsawon layin dogo a tsibirin ya haura mil 3,000. Da wuya ka sami babban gari wanda ba shi da tasha. Daga nan ne al'amura suka fara ja da baya.

A 1921 aka raba tsibirin biyu. Iyaka ta ratsa layuka a wurare da dama, dole jirgi ya tsaya 'yan kwastan su yi bincike. A yaƙin basasa na 1922 zuwa 1923 kuma aka fasa gadoji, aka ƙone tashoshi. Bayan haka motoci suka yawaita. Babbar mota tana zuwa har bakin gona, jirgi kuwa sai an kai masa kaya tasha. Ga shi kuma mutanen karkara suna ta raguwa saboda ƙaura. Kamfanoni suka dinga faɗuwa.

A 1950 gwamnatin Dablin ta karɓi akasarin jiragen da ke ƙasarta. Ta sayo masu aiki da man dizal a madadin masu amfani da kwal. Amma duk layin da ba ya kawo riba sai a rufe shi. Gwamnatin Belfas ma ta yi haka a nata ɓangaren, musamman a 1957. Yankin Donegal da ke arewa maso yamma ya rasa layinsa na ƙarshe a 1965. A wurare da yawa an tumɓuke ƙarafan dogo, an rushe gadoji, an sayar da filayen.

Mutanen karkara ne suka fi jin jiki. Wanda ba shi da mota sai ya jira bas. Tsibirin yana da gundumomi 32. Biyar daga cikinsu ba su da jirgin fasinja ko ɗaya har yau, kuma duk maƙwabtan juna ne a arewa da arewa maso yamma.

Farfaɗowa

Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da motoci suka cika Dablin, cunkoso ya hana mutane isa wurin aiki da wuri, sai aka tuna da jirgi. A 1984 aka buɗe jirgin lantarki mai suna DART, yana bin gefen teku ta cikin birnin. Wani sashensa yana kan layin nan na farko na 1834. A 1987 aka kafa kamfanin Iarnród Éireann, mallakar gwamnati, don kula da jirage. Sunan da harshen ƙasar ne, ma'anarsa hanyar ƙarfe ta Ayalan.

Akwai wani layi a kudancin Dablin da aka rufe a ƙarshen 1958. An yi sa'a yawancin filinsa yana nan ba a gine shi ba. A 2004 aka sake shimfiɗa dogo a kansa don ƙaramin jirgin cikin gari mai suna Luas. A yamma kuma aka sake buɗe layin da ya haɗa Limerik da Galwe a 2010, bayan fiye da shekara 30 ba ya ɗaukar fasinja. Gyaransa ya ci fiye da Yuro miliyan 100. A 2024 aka buɗe sabuwar babbar tasha a Belfas.

A wannan shekara ta 2024 gwamnatocin biyu suka fitar da rahoto na haɗin gwiwa. Rahoton ya ba da shawara a ƙara layuka masu lantarki, a kuma mai da jirgi yankunan da suka rasa shi, har da Donegal. An ƙiyasta aikin zai ci fiye da Yuro biliyan 30, kuma zai kai shekarar 2050 ana yinsa.

Abin Lura

Rufe layi aiki ne na rana ɗaya. Dawo da shi kuwa yana cin shekaru da dukiya mai yawa. Inda aka bar filin dogo, dawowar jirgi ta zo da sauƙi. Inda aka sayar aka yi gine-gine, sai an sake neman fili an biya diyya. Yaron da aka haifa a Donegal a shekarar da aka rufe layinsu ya kai shekara 60 yanzu, kuma har yau in zai hau jirgi sai ya fita daga gundumarsu.