Jaki Ba Ya Faɗin Ciwonsa

Ranar Alhamis, in ka shiga kasuwar Maigatari, tsaya a gefen da ake ɗaure jakuna. Ga auraki, ga duna, ga idabari, kowanne da alamar akumari a gadon baya. Dubi wancan da haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirgawa, cikinsa kuwa ya yi tulu, gashinsa ya tashi ya dushe. Mai shi zai ce maka rani ne. Wani lokacin gaskiyarsa ne, amma sau da yawa tsutsa ce ke raba abinci da shi.

Bahaushe ya ce an bar jaki ana dukan taiki. A nan kuwa jakin muke duka, mun bar mai laifin kwance a hanjinsa. Ya tsaya a hanya da mangalar taki, a ce taurin kai ne, a sauke masa sanda. Doki in cikinsa ya murɗa, zai yi ta tonon ƙasa da kofato, ya yi gumi, ya kwanta ya tashi, duk barga ta sani. Jaki sai dai ya sunkuyar da kai, ya daina taɓa harawa. Kafin a ankara abu ya yi nisa.

Da damina ake kwasar cutar. Ƙwan tsutsa yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a danshi, 'ya'yan su hau ganyen ciyawa suna jiran baki. Mafi sharri a cikinsu ba ta tsayawa a hanji. Takan huda bangonsa ta shiga jijiyar da ke kai wa hanjin jini, ta yi watanni a can, har jini ya toshe, ciki ya ƙulle. Akwai macijin ciki mai addabar ƙanana, wanda tsawonsa kan wuce taƙi guda. Akwai wadda ke zuba ƙwai a gindin wutsiya, shi ya sa za ka ga dabba tana goga bayanta da bango har gashin ya tsige. Abin da ya fi ba ni mamaki tsutsar huhu ce: jaki na ɗauke da ita ko tari ba ya yi, amma dokin da suka yi kiwo a fage ɗaya shi zai yi ta tari.

Iyayenmu ba su zauna haka ba, sun jiƙa kanwa, sun dafa sassaƙen maɗaci. Tun 1981 kuma akwai maganin tsutsa Ivermectin. Sai dai a kasuwa doki ake saya wa, jaki kuwa an ce ai shi ba ya ciwo.

Yau jaki ya yi tsada. Neman fatarsa ya sa Nijar ta hana fitar da shi a 2016, Tarayyar Afirka ta haramta yanka shi don fata a 2024. Wanda ya rage a turkenka shi ke kawo ruwa da itace. Kwashe kashinsa daga turke ko sau biyu ne a mako, ka kai shi ga malamin dabbobi farkon damina da ƙarshenta, a auna masa magani daidai nauyinsa. Ran da ka ga ya bar harawa, kada ka jira gobe.