Idan Gwani Ba Ya Fage: Wasan Golf da Masu Kallonsa a Talabijin

A watan Yunin 2008, a filin Torrey Pines da ke bakin teku a jihar Kalifoniya, Tiger Woods ya ci gasar US Open yana ɗingishi. Jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke, ƙashin ƙaurinsa ya tsage wuri biyu, amma a haka ya yi kwana huɗu yana bugu. Suka yi kunnen doki da Rocco Mediate, aka ƙara musu yini guda, sai a rami na 91 aka raba gardama. Bayan kwana biyu ya sanar da cewa za a yi masa aiki, kuma ba a sake ganinsa a gasa ba sai Fabrairun 2009.

A waɗannan watanni takwas ne masu harkar golf a Amurka suka ga abin da suka daɗe suna zargi. Kamfanin Nielsen, mai ƙididdigar masu kallon talabijin, ya kwatanta gasannin da Woods ya buga a shekarar da ta gabata da waɗanda aka yi ba shi, ya tarar kusan rabin jama'a sun watse. Padraig Harrington na Ailan ya ci manyan gasanni biyu a jere a wannan tsakanin, abin da ba kowa ke yi ba, amma ranar ƙarshe ta gasar PGA Championship da ya lashe ta rasa fiye da rabin masu kallon da aka samu a 2007, shekarar da Woods ya ci ta. Filayen suna nan, kuɗin gasa yana nan, sauran gwanaye duk suna nan. Mutum ɗaya ne ya kwanta jinya.

Ruwa ba ya tsami banza. Rauni ne da ke cikin ginin wasan kansa. Mai goyon bayan Arsenal a gidan kallon unguwa bai daina biyan kuɗin shiga ba don Thierry Henry ya koma Barcelona a 2007, domin riga yake bi, kuma rigar tana fitowa kowane mako. A golf babu riga. Mutum kusan 150 ne ke fara gasa ranar Alhamis, kowa tasa ta fishshe shi. Bayan kwana biyu a sallami wajen rabinsu, waɗanda bugunsu ya yi yawa, sauran su ci gaba Asabar da Lahadi har a cika rami 72. 'Yan wasan kuma ba ma'aikatan kowa ba ne. Kowane yana zaɓen gasannin da zai shiga, in dai ya cika mafi ƙarancin adadin da ƙungiyar PGA Tour ta gindaya. Woods, ko yana da ƙoshin lafiya, da wuya ya wuce gasa ashirin cikin arba'in da ɗoriya na shekara. Saboda haka tashar da ta sayi izinin nuna gasa ba ta da tabbacin abu uku: ko gwanin zai zo, ko zai tsallake sallamar ranar Juma'a, ko kuma zai kasance cikin na gaba da yammacin Lahadi, lokacin da talla ta fi tsada.

Na ukun nan shi ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi. Golf a talabijin aikin mai haɗa hoto ne. Ana bugu a ramuka goma sha takwas lokaci guda, a fili mai faɗin gona, sai wani da ke zaune cikin mota cike da allunan kallo ya riƙa zaɓen abin da za a nuna: nan wani yana auna gangaren ciyawa, can wani ya faɗa ramin yashi, masu sharhi suna magana ƙasa-ƙasa kamar ana jinya a ɗakin. Wanda bai san wasan ba, idan ya kunna ya ga sunaye goma da bai taɓa ji ba, minti biyar ya isa ya canza tasha. Amma idan ya hango jar riga da baƙin wando, kayan da Woods ke sawa kowace Lahadi, ya samu zaren da zai bi. Tambaya ɗaya ce tak, zai ci ko ba zai ci ba, kuma ko yaro zai iya riƙe ta tsawon awa huɗu.

Ba da Woods aka fara ba. Tashar CBS ta fara nuna gasar Masters ta garin Augusta a 1956, bayan shekara biyu Arnold Palmer ya ci ta karo na farko. Ɗan mai kula da fili ne daga jihar Pensilbeniya, mai bugun ganganci, mai jan wando sama kafin ya kai hari, kuma shi ya shigar da golf falon ma'aikacin Amurka a daidai lokacin da akwatin talabijin ke shiga. Woods ya zo ya ninka abin. Lokacin da ya ci Masters a 1997 yana da shekara 21, da tazarar bugu 12, a kulob ɗin da bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai 1990, an ƙiyasta mutum miliyan 44 sun leƙa ranar ƙarshe. Kuɗi suka biyo ido. Jimillar ladan gasannin PGA Tour bai kai dala miliyan 70 ba a 1996; cikin shekara goma ya haura miliyan 250. Abokan hamayyarsa sun sha kaye a hannunsa, sun kuma yi arziki a dalilinsa, yawancinsu ba sa musun ko ɗaya daga ciki.

Daga nan jikinsa ya zama ma'aunin kasuwa. A 2014 aikin baya ya hana shi zuwa Masters, wani gwanin kuma, Phil Mickelson, aka sallame shi tun ranar Juma'a. Bubba Watson ya ci, aka samu kallo mafi ƙaranci cikin wajen shekara ashirin. A 2018 ya dawo bayan an haɗe masa ƙashin baya. Na biyu ya zo a PGA Championship, bayan Brooks Koepka, amma kallo ya tashi da kusan kashi 70 cikin 100. A Satumbar shekarar ya ci Tour Championship a Atlanta, nasararsa ta farko cikin shekara biyar. Yana gangarowa rami na ƙarshe jama'a suka keta igiya suka malalo bayansa, dubbai, kowa da waya a sama, masu gadi suna ta kokawar buɗe masa hanya. Kallon ranar ya ninka na shekarar da ta gabata sau uku.

Akwai ma wani gefen da ba a cika kawowa ba. Wata masaniyar tattalin arziki, Jennifer Brown, ta bi sakamakon gasanni na shekaru ta wallafa bincikenta a 2011: manyan 'yan wasa kan yi bugu mafi muni, kusan ɗaya a gasa, idan Woods yana cikin fili, kamar sun saddaƙar tun kafin a fara. Wato idan ba ya nan wasan ya fi zafi, sakamako ya fi wuyar hasashe, amma a lokacin ne jama'a ke kashe talabijin. Duk wanda ke cewa mai kallo gasa mai zafi kawai yake nema, sai ya yi bayanin wannan.

A ganina masu kallon golf kashi biyu ne. Akwai 'yan gida, mutum miliyan biyu zuwa uku a Amurka a ranar Lahadi ta gasa ta yau da kullum, yawancinsu manya, masu abin hannu, masu buga wasan da kansu. Waɗannan ko wa ke fili suna nan. Su ne kamfanonin agogo masu tsada da motoci da inshora da bankuna ke nema, shi ya sa a 2020, lokacin da kowa ya san zamanin Woods ya kusa ƙarewa, PGA Tour ta iya ƙulla yarjejeniyar shekara tara da CBS da NBC da ESPN, daga 2022 zuwa 2030, a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala miliyan 700 a shekara. Sai kuma baƙi, miliyoyin da ba ruwansu da golf, waɗanda labarin mutum ke jawowa. Su ne ke zuwa da gwani su tafi da shi. Masu harkar sun san haka sarai. A 2021 suka ware dala miliyan 40 don rabawa 'yan wasan da suka fi jawo hankalin jama'a, ba waɗanda suka fi cin gasa ba. Wanda ya zo na ɗaya, ya karɓi miliyan 8, shi ne Woods, mutumin da ya yi hatsarin mota a Fabrairun shekarar, bai buga gasar PGA Tour ko ɗaya ba.

Sai Saudiyya ta shigo. A Yunin 2022, da kuɗin asusun zuba jari na gwamnatinta, aka buɗe sabuwar gasa mai suna LIV a kusa da Landan, Greg Norman na jagoranta. Lissafinsu mai sauƙi ne: tunda gwanaye ke kawo ido, a sayi gwanayen. Suka ɗauke Mickelson da Dustin Johnson da Koepka da Bryson DeChambeau da Cameron Smith, a Disambar 2023 suka ƙara da Jon Rahm na Sifen, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun Masters. Suka kuma toshe ɓarakar da na ambata: 'yan wasa kaɗan, kwana uku, ba a sallamar kowa, kowa da kwantiragi, dole ya halarta. PGA Tour ta dakatar da waɗanda suka tafi.

Abin da ya biyo baya shi ne gwaji mafi tsada da aka taɓa yi a kan wannan tambaya, kuma biyu babu aka tashi. LIV ta fara da YouTube kyauta, ta koma tashar CW a 2023, inda masu kallonta a Amurka ba su kai rabin miliyan ba ko a ranarta mafi kyau. A ɗaya ɓangaren, kallon gasannin PGA Tour ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar a 2024, Rory McIlroy da kansa ya fito ya ce faɗan ya gundiri jama'a. Darasin LIV ya fi ba ni sha'awa. Sunan da aka saya ya zo, idon da ake zaton yana manne da shi bai biyo ba. Mutumin da aka riga aka biya ɗaruruwan miliyoyi, yana buga gasar da ba ta da tarihi, ba abin da zai rasa in ya zo na arba'in, me za a zauna a kalla a wurinsa? DeChambeau ɗin nan dai, da ya kara da McIlroy a US Open ta 2024 a Pinehurst, ya fito daga ramin yashi a rami na ƙarshe ya ci da tazarar bugu ɗaya, wajen mutum miliyan shida ne suka kalla.

Gwaninta ita kaɗai ma ba ta wadatar. Scottie Scheffler ya ci gasa bakwai a PGA Tour a 2024, ya haɗa da zinaren Olamfik a Faris, irin shekarar da ba a gani ba tun zamanin Woods. Mutum ne mai natsuwa, mai addini, ba ya fushi ba ya alfahari. Ranar da ya ci Masters ta shekarar mutum miliyan 9.6 suka kalla, ƙasa da miliyan 12 na 2023. Abin dariya, ranar da aka fi maganarsa a shekarar ita ce ranar da 'yan sanda suka kama shi a ƙofar filin gasa a Louisville kan saɓanin hanya, tuhumar da aka janye daga baya. A Afrilun 2025 kuwa Woods yana gida da tsinkakkiyar agara, amma McIlroy, wanda ya shekara fiye da goma yana neman kofin Masters, ɗaya tak da ya rage masa cikin manyan gasannin golf huɗu, ya riƙe gasar, ya saki, ya sake kamawa, har ya doke Justin Rose a ramin raba gardama ya durƙusa yana kuka. Matsakaicin kallo ya kai miliyan 12.7, ya haura miliyan 19 a ƙarshe, mafi yawa tun 2018. Mutane sun san ciwonsa tun 2011, lokacin da ya ɓarar da wannan gasa yana da tazarar bugu huɗu.

Sai dai a yi hattara da alƙaluman nan, don ba duk faɗuwa ce rashin gwani ba. Masters ta 2023 ta faɗo ranar Ista, iyalai suna tare a gida, ta 2024 ba ta faɗo ba. Ta 2020, da annoba ta tura ta Nuwamba, ta yi karo da ƙwallon ƙafar Amurka ta samu miliyan 5.6 kacal, alhali Woods yana cikin fili. A Birtaniya, da aka ɗauke gasar Open daga BBC ta kyauta zuwa Sky ta biya a 2016, ƙololuwar kallo ta faɗi da kusan kashi uku cikin huɗu, duk da Mickelson da Henrik Stenson sun yi karawar da har yau ake labari. Kuma gwani na wani ne: nasarar Hideki Matsuyama a 2021 ba ta motsa Amurka sosai ba, amma a Japan mutane sun tashi da asubar Litinin suna kallo.

PGA Tour ta amsa da kwaikwayon abokiyar gabarta. Ta ware gasanni takwas na musamman, kowace da ladan dala miliyan 20, 'yan wasa kaɗan, yawancinsu ba sallama, don a tara manya wuri guda. Ta ba Netflix dama ta bi 'yan wasa har gida, ko jama'a sa san su. Woods da McIlroy suka buɗe TGL a Janairun 2025, golf na cikin ɗaki da ƙaton allo, awa biyu da daddare. Daren da Woods ya fara bugawa an samu wajen mutum miliyan ɗaya. Ban yarda gasannin na musamman magani ba ne. Tabbas suna tabbatar wa tasha da fuskokin da ta biya, amma suna rufe ƙofar da baƙon yaro ke bi ya kayar da manya ya yi suna, kuma cire sallama cire fargaba ne, abin da ya hana LIV kama ido ke nan.

Sulhun da PGA Tour da Saudiyya suka sanar ranar 6 ga Yunin 2023 bai kammala ba har 2025 ta ƙare, don haka galibi sau huɗu kawai a shekara manyan ɓangarorin biyu ke haɗuwa a fili ɗaya, a Masters da PGA Championship da US Open da Open. A Disambar 2025 Woods ya cika shekara 50. Yarjejeniyar talabijin za ta ƙare a 2030, kuma wannan ne karo na farko tun 1997 da PGA Tour za ta zauna ciniki da tashoshi ba tare da sunansa a kan tebur ba.