Karatun hutu na aiki da hannu: mene ne shi, kuma ta yaya zai dace da yaran Waca?

Daga ƙarshen watan Yuni zuwa farkon Oktoba lakwal a rufe take a Nijar. A manyan garuruwa irin su Damagaram, Maraɗi da Yamai, da hutu ya kama sai ka ga an lilliƙa takardu a bango ana tallar "cours de vacances", wato karatun hutu. Iyaye su biya, yaro ya koma aji. Sai dai akasarin wannan karatu maimaici ne: mushe ya rubuta a allo, yara su kwafa a kaye, a yi lissafi da faransanci, a tashi. Akwai wani nau'in karatun hutu dabam wanda ba mu saba da shi ba, inda yaro ke taɓa abu da hannunsa, ya gwada, ya auna, ya ƙera, ya zana. Shi ne zancenmu a yau, kuma a ganina ya fi dacewa da gari irin Waca fiye da yadda ya dace da birni.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Faransa, Georges Charpak, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 1992, ya haɗa kai da Pierre Léna da Yves Quéré a tsakiyar shekarun 1990 suka kafa wani shiri mai suna "La main à la pâte", ma'ana a sa hannu cikin ƙullu. Tsarinsa mai sauƙi ne. Malami ba ya fara ba da amsa. Tambaya yake jefawa, yara su faɗi abin da suke zato, a gwada a gani, kowa ya rubuta ko ya zana abin da ya faru, sannan a tattauna. Mu ma muna da namu. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka tun 1964, inda ya soki makarantar da ke raba yaro da aikin hannu da harshensa, kuma ya ƙare rayuwarsa yana bincike kan amfani da hasken rana. A Damagaram ɗin nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Tsofaffin ɗalibai kuma ba su manta da APP ba, darasin ayyukan hannu da lambun makaranta, wanda a wurare da yawa ya ƙare a kan shara da ɗebo ruwa saboda babu kayan aiki, babu horo.

Me ya sa ake buƙatarsa? Binciken PASEC, wanda ke auna ƙwazon ƴan firamare a ƙasashe masu amfani da faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe bai kai matakin da ake nema a karatu ba. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. A karkara akwai ƙarin matsala: azuzuwan rumfa na zana ba sa jure damina, kuma ba a sake kafa su sai an yi girbi an samu kara. Yaron da ke irin wannan aji, hutunsa ya wuce wata uku. Idan ya dawo, rabin abin da ya haddace ya gudu. Abin da ya gwada da hannunsa kuwa ba ya saurin fita daga kai.

To da me za a yi gwajin, alhali babu ɗakin bincike, babu lantarki a yawancin makarantu? A nan ne ƙasar Sosebaki, wato Waca da Dungas da Mirya, ta fi birni arziki. Damina kanta ɗakin gwaji ce.

Ɗauki ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da abin awo na ɗan makaranta sun isa. A ajiye shi a fili, duk safiyar da aka yi ruwa a auna tsawonsa, a rubuta. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Yaron da ya gane haka zai iya lissafa cewa ruwan milimita 20 ya zuba lita dubu 200 a kan gona mai hekta ɗaya. Ga ninkawa, ga awo, ga jadawali, kuma idan ya ji rediyo na karanta yawan ruwan da aka yi a Magarya ya san abin da ake nufi. Haka gwajin iri: a ƙirga ƙwayar gero 100, a shimfiɗa a tsumma mai laima, bayan kwana biyar a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan 70 ne, yaro ya fahimci "kashi 70 cikin 100" ba tare da an doke shi ba, kuma mahaifinsa ya samu labari mai amfani kan irin da ke rumbunsa.

Akwai wanda na fi so. Waca na kan kimanin digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai tsakar ka: ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Wajen 17 ko 18 ga Agusta, idan aka kafa sanda tsaye cak a fili, da misalin ƙarfe 12 da rabi inuwarta kusan ɓacewa take yi gaba ɗaya, in dai hadari bai rufe ba. Yaro a Faransa ba zai taɓa ganin wannan a ƙasarsa ba. Daga nan malami na da ƙofar bayyana dalilin da ya sa inuwar azahar ke karkata kudu a Yuni, ta koma arewa a Disamba.

Gawo ma malami ne. Gonakin Magarya, Matamaye da Mirya sun yi suna har a ƙasashen waje saboda yadda manoma suka bar gawo ya sake tsirowa tun daga shekarun 1980. Me ya sa shi kaɗai ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani? Me ya sa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe? Yara na iya auna tsawon kara a wurare biyu duk mako su kwatanta. A madafa kuwa, ruwan soɓorodo ja ne. A ɗiga lemun tsami ya ƙara ja, a sa kanwa ya rikiɗe ya yi duhu. Darasin tsami da kishiyarsa ke nan, wanda sai a kolej ake karanta shi a takarda. Kwalba mai murfin yadi da ƴan tsutsotsin ruwan kududdufi ta isa ta nuna wa yaro, cikin mako guda ko kwana goma, inda sauro ke fitowa, a daidai watannin da zazzaɓi ke kwantar da gidaje.

Fasaha ba ta rabu da wannan ba. Almajirin da ke dafa tawada da ƙaro, da majemin da ke jiƙa fata a bagaruwa, da badukun da ke baƙanta ta da ruwan ƙarfe, duk kimiyya suke yi. Saƙar tabarma da faifai lissafi ce ta maimaita zane, haka adon da ke fuskar tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Gayyato mai sana'a ɗaya ya zauna da yara yini biyu ya fi hoto a littafi. Wasan kwaikwayo kuma, wanda samariya ta raya a shekarun 1970 da 1980, hanya ce ta sa mai kunya ya buɗe baki.

Babbar tambaya ita ce lokaci. A birni hutu hutu ne; a Waca da Dungas hutu noma ne. Duk wanda ya buɗe aji a watan Yuli, lokacin noman fari, zai zauna shi kaɗai, kuma iyaye na da gaskiya. Taga tana buɗewa bayan an gama maimai, daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, kafin girbi. Ko a nan ma, awa biyu sau uku a mako sun isa, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin makarantar allo. Lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, ba a riƙe yaro da yunwa har azahar. Ƴan mata su ne za a fara rasawa, saboda talla da daka da kai abinci gona. Sai an zauna da iyaye mata an tsai da sa'ar da ta yi musu, in ba haka ba ajin zai zama na maza zalla.

Sai masu koyarwa. Malaman kwantaragi da yawa kan koma garuruwansu da hutu. Amma a daidai lokacin ne ɗaliban lise da na jami'ar André Salifou ta Damagaram ke dawowa gida. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, tare da darakta da hukumar gari, na iya ba su aji ɗaya na siminti da ɗan abin sabulu. Kuɗin kayan aiki ba su wuce na kaye, fensir, zare da abin awo ba. Gargaɗi ɗaya ga iyayen da za a nemi su biya: ku tambayi yaro da yamma abin da ya yi da hannunsa, ya nuna muku. Idan mako ya cika kaye kawai yake kawowa cike da kwafi, tsohon karatun ne aka sake wa suna.

Batun harshe kuwa ya sauƙaƙa. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci ya zama na aiki. Babu abin da zai hana yaro ya yi gardamar gwajinsa da Hausa, sannan mushe ya ba shi sunan abin da faransanci ya rubuta a gefe, don jarrabawar BEPC da ke jiransa a gaba.