Horarrun karnuka da masu fama da firgici: ko dabarar za ta karɓu a Zamfara?

Duniya ta san garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ne ta dalilin gubar dalma, wadda aka gano a jihar Zamfara a shekarar 2010, ta kuma hallaka yara kimanin 400. Kafin jama'a su gama farfaɗowa sai 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi da kisa da satar mutane. A shekarar 2021 ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, wadda ta yi shekaru tana aiki a Anka, ta yi kashedin cewa fyaɗe na ƙaruwa a jihar, kuma mata da dama ba sa isa asibiti sai a makare.

Raunin jiki yakan warke, amma firgici yakan daɗe. Likitocin ƙwaƙwalwa na kiran wannan larura PTSD: mutum ya kasa barci, ya riƙa mugun mafarki, ya zabura da jin ƙarar babur, ya guji shiga kasuwa. A wasu ƙasashe, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen tallafa wa irin waɗannan mutane ita ce haɗa su da kare mai horo na musamman.

Aikin da karen ke yi

Akan shafe kusan shekara biyu ana horar da irin wannan kare. Ana koya masa ya tashi mai shi daga barci idan ya ga yana fisge-fisge, ya kwantar da jikinsa a kan cinyarsa idan numfashi ya fara sarƙewa, ya tsaya tsakaninsa da mutane a cikin cunkoso, ko ya riga shi shiga ɗaki ya kunna fitila. Ga macen da aka auka wa cikin dare, sanin cewa akwai mai ji da motsi kafin ita na iya zama abin da zai ba ta damar runtsawa.

Wani bincike da jami'ar Arizona ta Amurka ta wallafa a 2024, a kan tsoffin sojoji 156, ya nuna cewa waɗanda aka bai wa karnuka sun sami sauƙin firgici da damuwa bayan wata uku, fiye da waɗanda ke jiran layi. Sai dai binciken a kan sojoji aka yi shi, kuma karen ƙari ne a kan magani da ganin likita, bai maye gurbinsu ba.

Kotuna ma sun shigo ciki. Tun 2003 wata mai gabatar da ƙara a birnin Seattle, Ellen O'Neill-Stephens, ta soma shigar da kare domin ya zauna kusa da yaran da aka ci zarafinsu yayin da suke ba da shaida. Faransa ta bi sahu a 2019 a garin Cahors.

Misalin da ya fi kusa da halin Zamfara yana Gulu ne, a arewacin Uganda, inda tun 2015 wani shiri mai suna Comfort Dog Project ke haɗa waɗanda suka tsira daga yaƙin 'yan tawayen LRA da karnukan gida da aka tsinto a kan titi. Mutum da kansa yake horar da karensa, ya yi masa wanka, ya ciyar da shi, a cikin rukuni da wasu masu irin larurarsa. Wannan ya rage tsada ƙwarai, tunda a Amurka horar da kare guda kan ci dubban daloli.

Matsayin addini da al'ada

Da yawa za su ɗauka addini ne zai fara toshe hanya, amma batun na da faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Najeriya ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai ana ɗaukarsa a matsayin bin umarni kawai. Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin karen gadi a kansu. An ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ajiye kare a gidansa saboda rashin tsaro. A 2008 wata majalisar malamai a Ingila ta amince wa wani matashi makaho ya riƙa zuwa masallaci a Leicester da karen da ke yi masa jagora, karen na jira a wani keɓaɓɓen wuri.

Cikas mafi girma yana cikin zamantakewa ne. Bahaushe ya san kare a wurin mafarauci da makiyayi, bai saba ganinsa a ɗakin kwana ba. Sannan a Amurka karen kan sanya riga mai nuna cewa mai shi na da larura, alhali macen da aka yi wa fyaɗe a ƙauyen Zamfara babban abin da take tsoro shi ne a sani, saboda aurenta da sunan gidansu. Matar da ta fito da kare a gefenta a Bagega ta tona abin da take ɓoyewa ke nan.

Akwai kuma ciwon haukan kare, wanda ke buƙatar a riƙa yi wa dabbobin rigakafi a kai a kai, ga batun ciyarwa a sansanin da 'yan gudun hijira kansu ke neman na bakinsu. Bisa ga dukkan alamu, abin da za a fi iya ɗaukowa daga Gulu shi ne zaman rukuni a ƙarƙashin mai ba da shawara. Kafin nan kuwa, wadda aka yi wa fyaɗe na buƙatar isa asibiti cikin sa'o'i 72 domin samun maganin kariya daga ƙwayar cutar HIV, a yankin da bin hanya kansa ke da haɗari.