Lambun Badarawa: Sauya Shuka da Amfanin Ciyawa

Maganar yau ta lambu ce, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Badarawa gari ne cikin ƙasar Shinkafi, a arewacin Zamfara, inda gulbin Gagare da na Bunsuru ke malala da damina su bar fadama mai laima. Tun kaka da kakanni mutanen wannan yanki suna noman rani: albasa, tumatir, tattasai, attaruhu da kuɓewa. Da jigo ake ban ruwa a da, yanzu kuwa sai injin. Amfanin yakan tafi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta tsaya tun 1929.

To, amma zamani ya juya. Tashin hankalin daji ya raba talakawa da yawa da gonakinsu na nesa, har a 2021 hukumar jihar ta rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya. Takin zamani ya yi tsada, man injin ma haka tun da aka janye tallafinsa a 2023. Mutumin da ya saba da gandu sai ga shi ya koma ga ɗan fili a gindin gari, taku talatin ko arba'in. Da yake tumatir ke kawo kuɗi, sai ya dasa shi bana, ya dasa baɗi, ya dasa baɗin waccan, duk a fangali guda. Shekara ta fari kwando ya cika. Ta uku sai ganye ya yi rawaya, shuka ta yi yaushi da rana tsaka alhali an ba ta ruwa da safe. Waɗansu su ce baki ne, waɗansu su ce irin ne ba kyau.

Wanda ya tumɓuke shukar ya duba saiwarta zai ga dalili. Za ta kumbura gaɓa-gaɓa kamar tasbaha. Aikin wata tsutsa ce siririya wadda ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta toshe hanyar ruwa, ta zuba ƙwai ɗaruruwa, ƙwan su zauna cikin ƙasa suna jiran shuka ta gaba. In an sake kawo musu abincin da suka saba, sai su ninka. In an kawo abin da ba su so, yunwa ta rage su.

A nan ne ake bukatar sanin nasaba, domin tsirrai ma dangi-dangi ne. Tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, gauta, dankalin Turawa da taba duk gida ɗaya suke, cutarsu ɗaya. Wanda ya cire tumatir ya sa tattasai bai sauya kome ba, ɗan'uwa ya bi ɗan'uwa. Kuɓewa da rama da yakuwa da auduga gida ɗaya ne, kuɓewa kuwa tsutsar nan tana son ta ƙwarai, kada a bi tumatir da ita. Kabewa da kankana da guna nasu gidan daban, albasa da tafarnuwa haka. Saboda haka mai ɗan lambu ya raba shi huɗu: kashi ɗaya dangin tumatir, ɗaya albasa, ɗaya gyaɗa, ɗaya masara ko dawa. Kowace shekara kowanne ya matsa gaba, kada tumatir ya komo mazauninsa sai bayan shekara uku.

Gyaɗa da wake suna da wata baiwa. Su ma saiwarsu tana da ƙulle-ƙulle, amma na alheri: ƙananan halittu ne ke zaune ciki suna ɗebo sinadarin taki daga iska, irin wanda ake saye a buhun yuriya. Ga yadda ake rarrabewa. Ƙullin alheri a gefen saiwa yake maƙale, ɗan yatsa na ɓalle shi, in an fasa cikinsa ja-ja ne. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓalluwa. Sai dai a kula, waɗansu irin wake tsutsar na kama su, shi ya sa gyaɗa ta fi dacewa a fangalin da ya riga ya kamu. Harawarta kuma kuɗi ce a hannun masu kiwo.

Wannan ilmi ba na Turawa kaɗai ba ne. Ibnul Awwam, malamin Ishbiliya ta Andalus, ya wallafa Kitabul Filaha a ƙarni na 12 na Miladiyya, ya yi bayanin ƙasa da taki da abin da ya kamata ya bi wani a shuka. Ma'aikatar binciken gona ta Samaru a Zariya, wadda ta fara a 1922, a kan wannan hanya take koyarwa. Gaskiya kuwa, sauyi ba ya maganin kome da kome. Tsutsar ganyen nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Arewa a 2016, malam-buɗe-littafi ce mai tashi, in maƙwabci bai ƙone karmaminsa ba za ta ƙetaro.

Saura maganar ciyawa. Turawan mulki sun zo da al'adar shimfiɗa koriyar ciyawa a ƙofar gida, ana aske ta, ana ba ta ruwa. A Ingila, inda Edwin Budding ya ƙera injin askinta a 1830, ruwan sama ba ya yankewa. A nan kuwa, inda rani ke ɗaukar wata bakwai ko fi, zuba ruwan rijiya ga ciyawar da ba a ci, ba a bai wa dabba, almubazzaranci ne, kuma mai lambu yana da gaskiya in ya yi wa abin dariya.

Amma kada dariyar ta sa a raina ciyawa ɗungum. Kirikiri da ke bin bakin kwalbati da gefen fangali saiwarta na riƙe ƙasa, ruwa ba ya zaizaye ta. Gamba da aka dasa a iyakar lambu tana tare iskar hunturu, tana tare ƙasar da ambaliya za ta kwashe, ga zana da jinka, ga abincin tumaki in ta yi toho. Fangalin da tsutsa ta ci ƙarfinsa, in aka bar shi ga gamba shekara biyu, yakan dawo da sauƙin cuta da ƙasa mai laushi. Sharaɗi ɗaya: a riƙa datse kirikiri da fartanya a bakin fangali, domin in ta kutsa cikin albasa fitar da ita aiki ne ja.