Digirin tarihi da sana'ar tsara kaya a kanti: abin da matasan Minna za su duba

Iyaye da yawa a Sabo ta Ibadan ko Agege sukan yi shiru idan ɗansu ya ce tarihi zai karanta a Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai. Tambayar dai ɗaya ce: in ban da koyarwa, me zai yi da shi? Fargabar tana da dalili, domin an daɗe da cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare kafin gwamnatin tarayya ta dawo da shi a 2022. Amma akwai wata ƙofa da ba a cika dubawa ba, wato aikin tsara kaya a manyan kantuna.

Mai wannan aiki shi ne ke yanke shawarar kayan da za a saro, nawa za a saro, yaushe, da inda za a jera su. In ya saro da yawa, kuɗi ya kwanta a sito. In ya saro kaɗan, mai saye ya wuce shagon maƙwabci.

Abin da ɗalibin tarihi ya shekara huɗu yana koya shi ne karanta tsofaffin takardu, kwatanta wannan shekara da waccan, da ƙin yarda da magana sai ya ga hujja. Littafin cinikin kanti ma takardar tarihi ce. Ɗauki misalin azumi: kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Wanda ya kwatanta cinikin sukari da dabino na Maris ɗin bana da na Maris ɗin shekara biyar baya, ba tare da ya duba watan Musulunci ba, lissafinsa zai ɓace. Haka kuma, a Minna akwai Kirista da yawa, don haka kantin Tunga ko Bosso yana da lokacin Sallah, yana da na Kirsimeti, ga kuma dawowar ɗaliban jami'ar fasaha ta tarayya.

Minna ɗin kanta ciniki ne ya raya ta. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ya haɗu da na Legas a nan, sannan a 1976 ta zama hedikwatar Jihar Neja. Ku 'yan Sabo kun san wannan labari a aikace: goro da shanu ne suka kafa unguwanninku, kuma Alhassan Dantata da fataucin goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa.

Sai dai fa digiri kaɗai ba ya isa. Dole matashi ya iya lissafin riba da faɗuwa, ya iya Excel, ya san yadda ake ƙirga kaya a sito. Hanya mafi sauƙi ita ce ya yi amfani da hutun makaranta ko shekarar bautar ƙasa ya zauna a shagon wani babban ɗan kasuwa a Kasuwar Kure, ko da a matsayin yaron shago ne, yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum. Wata shida na irin wannan rubutu shi ne abin da zai ɗauka ya nuna wa manajan kanti ranar da ya je neman aiki.