Wuƙar Aljihu Tsakanin Doka Da Tsatsa

A watan Mayun 2024, shugaban kamfanin Victorinox na ƙasar Suwizalan, Carl Elsener, ya shaida wa jaridar Blick cewa suna shirin fito da wani samfuri na wuƙar aljihunsu mai jar ƙota, wanda zai zo da sauran kayan aikin da aka saba gani a jikinta amma babu ruwan wuƙar. Kafin ka ce kwabo labari ya zaga duniya, mutane da dama kuma suka ɗauka wuƙar sojan Suwizalan ce ta zo ƙarshe. Sun yi wa zancen gurguwar fahimta. Sabon samfurin ƙari ne a kan abin da kamfanin ke ƙerawa, an kuma yi shi ne saboda ƙasashen da suka tsaurara dokar yawo da makami. A Ingila, alal misali, dokar 1988 ba ta yarda mutum ya fita da wuƙa haka kawai ba, sai ƙaramar mai ninkewa da ruwanta bai wuce inci 3 ba.

Kamfanin na Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a garin Ibach a 1884, ya kuma fara kai wa sojojin ƙasarsa wuƙaƙe a 1891, ya ga abin da ya fi wannan. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 a Amurka an hana shiga jirgin sama da wuƙar aljihu, cinikinsa ya faɗi da sama da kashi 30 cikin ɗari, kuma bai rufe ba. Ke nan ba doka ce ke kashe wuƙa ba. Wuƙaƙen da ke lalacewa kullum a aljihun manoma da direbobi da masu dukanci, sakacin masu su ne ke cinye su.

Kula da wuƙa kuwa ba ya buƙatar dogon karatu. Raunin wuƙa mai ninkewa yana wurin ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta, inda ƙura da zaren aljihu da gumi ke taruwa. A buɗe ta, a sakace dattin da tsinke ko tsohon buroshin haƙori, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a bar ta ta bushe ƙayau. Sannan a ɗiga mai ɗigo ɗaya a mahaɗar, a yi ta buɗewa da rufewa har ya ratsa, a goge ragowar da tsumma. Gogewar nan ita mutane suka fi mantawa, alhali man da ya yi yawa shi ke kama ƙurar hunturu ya zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe a hankali.

Wane mai? Man keken ɗinki ya isa ga wuƙar da ke yanka igiya da fata. Wadda za ta taɓa nama ko mangwaro, farin man farafin na sha da ake sayarwa a shagon magani ya fi dacewa da ita. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo su yi wari idan sun daɗe, har ruwan ya ƙi fitowa. Baƙin man da aka juye daga injin mota kuwa guba ne, bai kamata ya kusanci abin da zai shiga baki ba.

Abin takaici shi ne duk surutun da aka yi a kan labarin Victorinox bai taɓo wuƙaƙen da suka daɗe suna aiki a nahiyar Afirka ba. Akwai Okapi, wadda aka fara ƙerawa a birnin Solingen na Jamus a 1902 domin kasuwannin ƙasashen da Jamus ke yi wa mulkin mallaka. Ƙotarta ta itace ce, tana da zobe a bayanta wanda ake ja kafin ruwan ya koma gidansa. Arharta da ƙarkonta suka kai ta hannun talaka daga kudancin Afirka har tsibirin Jamaika, kuma a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu baki ɗaya.

Akwai kuma Douk-Douk, wadda gidan Cognet na garin Thiers a Faransa ya fito da ita a 1929. Tsibiran tekun Fasifik aka nufa da ita tun farko, shi ya sa aka zana hoton wani dodon mutanen can a ƙotarta. Ba ta karɓu a can ba, sai ta samu kasuwa a Arewacin Afirka, musamman Aljeriya, daga nan ta gangaro sauran ƙasashen rainon Faransa. Ƙirarta ba ta da wani tarkace: farantin ƙarfe ne aka lanƙwasa ya zama ƙota, sai ruwa, sai sifirin mai ƙarfi da ƙusoshi. Domin masu saye Musulmi kamfanin ya yi wani samfuri mai suna El Baraka, aka cire hoton dodon aka sa tambarin nan na Agadas da maƙeran Abzinawa suka shahara da shi. Ke nan zanen ƙasar Nijar ya daɗe yana yawo a jikin wuƙar Faransa.

Waɗannan wuƙaƙe na asali da ƙarfe mai sinadarin kabon aka yi su, irin wanda ke kama kaifi da wuri a kan dutsen wasa amma yake tsatsa da zarar ya kwana da danshi. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa sai a 1913 Harry Brearley ya gano shi a Sheffield ta Ingila, kuma sai an zuba masa sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari yake cin sunansa. Saboda haka mutanen da suka riƙe Okapi da Douk-Douk ba su da zaɓi: goge ruwa bayan aiki, shafa mai da damina, wasa baki kafin ya dakushe. Wannan tarbiyya ce ta sa wuƙa ɗaya ke yi wa mutum shekaru masu yawa har ɗansa ya gada. Yau an cika kasuwa da masu ƙyalli marasa ƙwari, ana saya a jefar, maƙerin unguwa da zai iya ɗaure ƙusar da ta yi lako-lako cikin minti kaɗan yana zaune babu ciniki. Wannan asara ce da muka jawo wa kanmu, kuma babu wata dokar Turai da za a ɗora wa laifinta.

Wanzamai masu aiki da aska mai ninkewa suna da ƙarin nauyi a wuyansu. Mai yana hana tsatsa, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe aƙalla kwana 7, mahaɗar aska kuma ita ce maɓoyar busasshen jini. Askar da ba a wanke aka tafasa ba, kome ƙyallinta, bai halatta ta hau kan wani ba.

Jami'an tsaro na da gaskiya idan suka ƙwace makamai a hannun 'yan daba, amma wajibi ne su bambance ɗan daba da manomin da ke riƙe da abin yanka igiya. Hukumomin lafiya na jihohi su daina jiran ɓarkewar cuta kafin su zauna da ƙungiyoyin wanzamai a kan tsabtar aska. Mai karatu kuma ya zaro tasa daga aljihu yau, ya duba mahaɗarta, idan ta yi tsatsa ya wanke ya sa mata mai, idan ƙusa ta saki ya kai wa maƙeri kafin ya yi tunanin sayen sabuwa.